Maigidana Ya Rasa Ganinsa, Ya Daina Taka Ko Ƙofar Gida

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yanmu biyar. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarunsa 54. Hawan jinin ido ya cinye masa gani a bara, likita ya ce ba zai dawo ba. Tun daga nan ya shige ɗaki. Mutumin da ba ya rasa jam'i, yanzu a gefen gado yake sallah. Banɗaki sai na riƙe shi. Ya faɗi a tsakar gida, ya kuma yi karo da ƙofa har goshinsa ya fashe. Ƙanensa ya sayo masa farar sanda, ya yi jifa da ita, ya ce shi ba mabaraci ba ne. Yayyensa sun ce a cire ɗanmu mai shekara 11 daga makaranta ya zama ɗan jagoransa. Wani lokaci kuma yakan ce yana ganin ƙananan mutane suna wucewa ko zane-zane a bango, dangi suka ce shafar aljanu ce. Komai ina yi masa, har abinci a baki nake ba shi, amma kullum faɗa yake mini. Na gaji, Anti, kuma ina jin kunyar faɗin haka. Yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya sa wannan jarrabawa ta zama kaffara ga Malam, ke kuma ya saka miki da alheri. Babu abin kunya a cikin gajiyarki, kuma za mu zo kanta.

Zan fara da faɗan da yake miki, don na lura shi ya fi ci miki rai. Mutum ya yi shekara da shekaru yana fita da safe ya buɗe shago, ya yi ciniki, ya dawo da cefane, ya biya kuɗin makarantar yara, sai aka wayi gari matarsa ce ke ɗaga loma ta kai masa baki. Hannunsa lafiya lau yake, ya kuma san hanyar bakinsa. Ke ƙauna kike nufi, shi kuwa duk lomar da ya karɓa ji yake an zare shi daga sahun magidanta, kuma ba shi da wanda zai huce a kansa sai ke da kika fi kowa kusa. Daga yau ki daina ba shi a baki. Ki ajiye kwano a gabansa, ki ɗora hannunsa a gefen kwanon, ki ce ga tuwo a gabanka, miya a damanka, ruwa a hagunka kusa da gwiwa, sannan ki zauna ki ci naki. Kullum a jera su haka. Zai ɗiga miya a riga. A wanke rigar, kada kowa ya tanka.

Malam bai manta gidansa ba, bai manta unguwarsa ba, bai manta Kwari ba. Ke ma idan aka ɗauke wuta da dare, kina tashi ki isa inda kika ajiye ashana ba tare da kin ga komai ba, saboda tsarin ɗakin yana cikin kanki. Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan. A 1971 wani masani a Landan, John O'Keefe, ya gano wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar ɓera da ba sa fara aiki sai ɓeran ya isa wani keɓaɓɓen wuri. A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser a ƙasar Norwe suka gano wasu da ke auna nisan da aka yi, su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2014. An kuma ga cewa waɗannan ƙwayoyi suna ci gaba da aiki ko a cikin duhu, domin taku da motsin jiki da ma'aunin da ke cikin kunne da taɓi duk suna kai musu labari. Wanda ya yi shekara hamsin da ɗoriya yana gani, yana da taswirar gari guda a kansa. Abin da ya kuɓuce masa shi ne hanyar da zai riƙa tabbatar da inda yake a kan taswirar, aikin da ido ke masa a kowane taku ba tare da ya sani ba. Wannan aikin ne za a miƙa wa hannu da ƙafa da kunne, kuma koyonsa ake yi.

Faɗuwar da ya yi a tsakar gida ma tana da dalili. A 2009 wasu masu bincike a Jamus suka rufe wa lafiyayyun mutane ido a fili, suka ce su miƙe sambal. Da yawansu kewayawa suka dinga yi, wani zagayen faɗinsa bai fi mita 20 ba, alhali kowa ya yi imanin a miƙe yake tafiya. Fili ya fi lungu wahala ga marar gani, don babu gefen da zai gyara masa hanya. Ki gaya wa Malam wannan, saboda ina kyautata zaton ya ɗauka kansa ne ya fara samun matsala. Ko wa aka rufe wa ido haka zai yi.

Saboda haka a fara da gidan, kafin a zo kansa. Ki tara yara da duk mai shigowa ki kafa doka: abin da aka ɗauka a mayar da shi inda yake. Buta, bokiti, kujerar tsuguno, turmi, takalman yara a bakin ƙofa, keken yaro, murhun gawayi, duk a ba su mazauni a jikin bango ɗaya, a bar masa ɗaya bangon fayau. Ƙofa ko dai a rufe ta ruf ko a wangale ta har bango. Wadda aka bari rabi-da-rabi ita ke fasa goshi, domin hannuwa biyu za su wuce ta gefenta, fuska ta same ta. Igiyar shanya a ɗaga ta sama da kansa ko a sauya mata wuri. In akwai rijiya a yi mata murfi mai nauyi yau, kada a jira gobe. Sannan ki kiyayi gyaran ɗaki irin namu na mata, a juya gado, a matsar da kujera don a ba shi sarari. Duk juyin da aka yi an goge masa shafi guda daga taswirarsa. In ya zama dole a sauya wani abu, a kai hannunsa ya taɓa, a gaya masa.

Daga nan sai koyo, kuma da gajeren zango ake farawa: daga gado zuwa ƙofar ɗaki. Ya miƙa hannun da ke kusa da bango gaba kaɗan daidai ƙugu, bayan yatsunsa na shafar bangon, yatsun a ɗan lanƙwashe don kada su soki ƙusa ko tsagar ƙofa. Ɗaya hannun ya gitta shi a gaban fuskarsa, tafin yana kallon waje, nesa kaɗan da fuska, musamman idan zai sunkuya ɗaukar wani abu. In zai tsallaka fili, misali daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki, ya fara jingina bayansa da dugadugansa a bango ko a ƙofar, ya daidaita, sannan ya miƙe. Wannan jinginar ita ke ba shi saiti. A makonnin farko babu laifi a ɗaura igiya daga ɗaki zuwa banɗaki daidai ƙugunsa, ko a ajiye rediyo a taga guda kullum don sautin ya nuna masa ɓangare. Ke kuma ki tsaya a bayansa, ki yi shiru. Wannan shi ne mafi wuya a gare ki, na sani. Za ki ga ya karkace, bakinki zai so ya yi magana, hannunki zai so ya kamo shi. In ba wuta ko rami ya dosa ba, ki bar shi ya taɓa randa ya gane da kansa cewa ya yi dama da yawa. Hanyar da aka ja mutum a kai ba ta zama a kansa kamar wadda ya lalubo da ƙafarsa.

Ki gyara bakin mutanen gidan ma. "Ga shi can" da "matso nan" ba su da amfani a wurinsa yanzu. Mu Hausawa mun yi sa'a, da gabas da yamma muke kwatance tun asali, kuma mai sallah biyar ba ya rasa sanin alƙibla a ɗakinsa. A gina komai a kan wannan: ƙofa tana kudu da gado, randa tana yamma da ƙofa, taku uku. Duk wanda ya shigo ɗaki ya yi sallama ya faɗi sunansa, in zai fita ya ce zai fita. Yana da ciwo ƙwarai mutum ya yi ta magana sai daga baya ya gane shi kaɗai ne a ɗakin. Masu zuwa dubiya kuma da ke juyowa gare ki su ce yaya jikin nasa, ki ce musu ga shi nan, ku tambaye shi. Kunnensa ƙalau yake, ba sai an ɗaga murya ba.

In za ki yi masa jagora, kada ki kama hannunsa ki ja, kada kuma ki tura shi gaba. Shi zai riƙe damtsenki saman gwiwar hannu, ki kasance rabin taku a gabansa, ta haka jikinki zai gaya masa an juya ko an sauka tun kafin ƙafarsa ta isa. A matsattsen wuri ki mayar da hannun bayanki, sai ya koma bayanki ku jeru. A bakin matattakala ko kwata ki tsaya cak, ki ce hawa ne ko sauka. In zai zauna, ki ɗora hannunsa a bayan kujerar, ya ƙarasa da kansa. Ki koya wa ƙanensa da abokan kasuwarsa wannan, minti biyar ya isa.

Kunne kuwa zai ba ki mamaki. Tun da daɗewa makafi kan ce suna jin bango a fuskarsu kafin su isa gare shi. A 1944 masu bincike a jami'ar Cornell ta Amurka suka gwada: da aka rufe fuskar, mutanen sun ci gaba da gane bangon, da aka toshe kunne sai suka dinga karo. Ashe amsa-kuwwar takunsu ce ke dawowa. A 2021 wani bincike a jami'ar Durham ta Ingila ya horar da makafi da masu gani na mako goma su riƙa ƙyasta harshe suna sauraron dawowar sautin, kuma har mai shekara 79 yana cikinsu, an ga ci gaba a manya da matasa. Saboda haka shekara 54 ba ta yi latti ba. Ki sa shi ya tafa hannu a ɗaki, ya tafa a zaure, ya tafa a tsakar gida, ya ji bambancin. Ya bi bango yana sauraro, zai fara gane inda ƙofa take a buɗe kafin hannunsa ya kai. In zai fita kada ya naɗe kunnuwansa da hirami, kada ya sa abin sauraron waya.

Yanzu sandar. Kada ki yi jayayya da shi a kanta, domin abin da ya faɗa yana da tushe. A garuruwanmu yawancin lokacin da mutum ya ga makaho da sanda, a bakin titi ne ko ƙofar masallacin Juma'a, yaro na riƙe da ɗaya bakin sandar, ana bara. Wannan hoton ne ya jefar. Amma yana da kyau ya san asalin doguwar farar sanda. A 1944, a wani asibitin soja a Amurka, Richard Hoover ya tsara yadda ake tafiya da ita domin sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarti majiya ƙarfi da suke son komawa aiki ba tare da an riƙe su ba. Duk ranar 15 ga Oktoba ana tunawa da ita a ƙasashe da dama, har da Najeriya. Sai dai maganarki ko tawa ba za ta shige shi kamar ta ɗan'uwansa marar gani ba. Ki sa ƙanensa ya nemi reshen Ƙungiyar Makafi ta Najeriya a jiharku, ko makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki, ko sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero, a samo magidanci kamarsa, malamin makaranta ko ma'aikaci, ya zo gidan da ƙafarsa da sandarsa ya yi sallama a zaure. A bar su su biyu da shayi. Irin waɗannan mutane suna nan da yawa, domin tun 1953 ake koyar da makafi a Gindiri ta jihar Filato, kuma ɗalibanta sun bazu ko'ina. A waɗannan wuraren da na ambata ne kuma za a samu wanda ya iya koyar da tafiya da sanda.

Kafin a same shi, ga abin da ya kamata ku sani. Tsayin sandar daga ƙasa zuwa tsakanin ƙirji da haɓa, marar nauyi. Ana riƙe ta a tsakiyar jiki daidai cibiya, manuniya a miƙe a jikinta, wuyan hannu kaɗai ke motsi. Bakinta yana shara ƙasa hagu da dama, ya ɗan wuce faɗin kafaɗu. In ƙafar dama ta yi gaba, sanda tana hagu, in ta hagu ta yi gaba, sanda tana dama, wato kullum tana duba inda ƙafa ta gaba za ta sauka. Ba ta tsare abin da ke sama da ƙugu, irin su kwanon rumfa, reshen bishiya, buɗaɗɗiyar taga da bayan babbar mota, don haka waɗannan sai an gaya masa inda suke. Farin kuma yana da aiki, shi ke sa mai babur da mai adaidaita sahu su rage gudu. In ya ƙi farar da farko, ya fara da kowace doguwar sanda a cikin gida, inda ba mai ganinsa. Ranar da ta hana shi cin karo da bokiti, ba sai kin roƙe shi ba.

Ki ba koyon nan manufa, kuma ban ga wadda ta fi masallacin unguwa ba. Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda aka saukar da farkon suratu Abasa saboda shi, makaho ne, ladanin Manzon Allah (SAW) ne, kuma Manzon ya sha barinsa a Madina yana jan mutane sallah idan zai yi tafiya. Muslim ya ruwaito makahon da ya nemi izinin sallah a gida don ba shi da jagora, aka tambaye shi ko yana jin kiran sallah, ya ce e, aka ce to ya amsa. Bukhari kuma ya kawo labarin Itban ɗan Malik, wanda ganinsa ya yi rauni, kwari na cika da ruwa tsakaninsa da masallaci, Manzon Allah (SAW) ya je har gidansa ya yi sallah a wurin da zai riƙa yin tasa. Ke nan akwai kwaɗaitarwa, akwai kuma uzuri. Hukuncin na malamai ne. Roƙona kada kowa ya mayar da hadisin farko bulala a kansa. Abin da nake nema masa shi ne ya ji kafaɗarsa ta haɗu da ta maƙwabcinsa a sahu, a gaisa bayan sallama, a tambaye shi farashin shadda.

A bi hanyar tare da ƙanensa ko maƙwabci, shi yana riƙe da damtse, mai jagora yana faɗin abin da aka wuce: dakalin gidan wane, palwayar wuta, kwalbati, inda siminti ya ƙare ƙasa ta fara. A bambance masa alamar da ba ta gushewa da mai zuwa ta tafi. Palwaya da dakali suna nan dare da rana. Ƙarar injin markaɗe, ƙamshin mai ƙosai, janaretan mai aski, suna taimako amma ranar da ba su fito ba kada ya rikice. In ya haddace, ya shiga gaba da sandarsa, mai rakiya ya koma baya taku biyar, daga baya taku ashirin. A koyi dawowa daban, domin abin da ke dama a tafiya ya koma hagu. Da damina a sake bin hanyar, ruwa yana sauya ƙasa yana buɗe ramuka. Takalmi a ajiye su wuri ɗaya kullum, a maƙale su da abin maƙale shanya don ya gane nasa da taɓi. Manyan tituna kuwa maganarsu daban. An sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, amma titunanmu har yau kwatoci a buɗe suke, masu kaya sun cinye gefen hanya. Ko gwanayen sanda sukan nemi a tsallakar da su, kuma babu ƙasƙanci a ciki. Kada ya gwada babban titi shi kaɗai sai mai koyarwa ya amince.

Maganar yaron nan, a'a. Ina faɗa da babbar murya, kuma ki faɗa wa yayyensa cikin ladabi amma ba tare da kin ja da baya ba. In aka cire shi, an yi asara biyu: yaro ya rasa karatu, uba kuma ya rasa dalilin koyon tafiya, tunda kullum akwai mai jansa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare a kan kowane yaro. Bayan haka, Malam da kansa, ranar da hankalinsa ya kwanta, ba zai yafe wa kansa ba in ya ji sa'o'in ɗansa sun gama makaranta shi yana riƙe da bakin sanda. Yaron ya raka babansa Magariba bayan ya taso, a matsayin ɗa. In yayyen suna son taimako, su raba ranaku a tsakaninsu, kowa ya ɗauki yini guda na rakiya zuwa kasuwa.

Abubuwan da yake gani kuma sanannu ne a wurin likitocin ido. Tun 1760 wani masani ɗan Janeba, Charles Bonnet, ya rubuta yadda kakansa, wanda idonsa ya mutu amma hankalinsa garau, ke ganin mutane da tsuntsaye da gine-ginen da babu su, kuma da sunansa ake kiran lamarin har yau. Sashen ƙwaƙwalwa da ya saba karɓar hoto daga ido, in aka daina aiko masa, yakan fara fito da nasa. Alamarsa ita ce hotunan ba sa magana, kuma mutum ya san ba gaskiya ba ne. Sau da yawa suna raguwa da tafiyar lokaci. Mutane da yawa suna ɓoyewa don tsoron a ce sun taɓu, don haka ki gode masa da ya gaya miki. Ya yi azkar ɗinsa, a yi masa addu'a, wannan alheri ne kullum. Amma ki sanar da likitansa, kuma in ya fara jin muryoyi ko ya rikice bai san inda yake ba, a kai shi asibiti a ranar. Kada ki bari kowa ya ɗiga masa wani haɗi a ido ko ya taɓa idon da allura da sunan zai buɗe. Hawan jinin ido jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa yake kashewa, kuma wadda ta mutu ba ta farfaɗowa. Ya bambanta da yanar ido da ake cirewa a asibiti mutum ya gani. Maganin ɗigawa da likita ya rubuta kada a daina sai da izininsa, ki kuma tambaye shi ko akwai sauran gani ko na haske, domin ko ɗan hasken taga yana taimakon saiti.

Akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Cutar tana bin jini, kuma ba ta ciwo a farko, daga gefe take cin gani har sai ta yi nisa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kan gaba da kashi 43 na dalilan, hawan jinin ido na biye da kusan kashi 17. Yayyen nan da ƙanen, kowannensu ya je a auna masa ido a duba jijiyar cikin watan nan, ko a asibitin ido na ECWA da ke nan Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko duk inda akwai likitan ido. Manyan 'ya'yanku ma a gaya wa likita tarihin gidan, ya faɗi lokacin da za su fara. In an kama ta da wuri ana iya tsare ganin da ya rage.

Ki sa ido kan barcinsa da cin abincinsa. Wanda ba ya ganin haske sam, agogon jikinsa kan goce, ya yi barci da rana ya kwana ido biyu. Tsayayyen lokacin tashi, da na abinci, da fita tsakar gida da hantsi suna taimakawa. Baƙin cikin rasa ido makoki ne na gaske, a ba shi lokacinsa. Amma in ya kai ga ƙin abinci, ko yawan cewa gara mutuwa, ko shi nauyi ne a kanku, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, a gaya wa likita ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Kasuwa kuma kada a yanke masa ita. Mutumin Kwari da yatsa yake gane shadda mai kyau tun yana gani, ya san dillalai, ya san mai biyan bashi da mai taurin bashi, ya iya ciniki. Ƙanensa ya fara kawo masa lissafin shago gida yana neman shawararsa da gaske, daga baya a riƙa kai shi yini guda a mako. Wayarsa in Android ce akwai TalkBack a cikinta mai karanta abin da ke kan allo, in iPhone ce akwai VoiceOver, ga saƙon murya na WhatsApp da ba ya buƙatar rubutu. Yara za su kunna masa, amma lambar sirrin banki ta tsaya a wurinsa. Takardun kuɗi na naira 100 zuwa 1000 girmansu ɗaya, sai a ware su da ninki: dubu a miƙe, ɗari biyar ninki ɗaya, ɗari biyu ninki biyu, kowanne da aljihunsa.

Sai ke, ƙanwata. Kin ɗauki aikin mutum huɗu ke kaɗai, ga yara biyar, kuma duk mai shigowa shi yake tambaya. Ki zaɓi mutum ɗaya da kike iya yi wa kuka, yayarki ko aminiyarki, ki riƙa gaya mata gaskiyar abin da ke ranki. In Malam ya yi miki faɗan da ya wuce kima, kina da damar cewa, cikin girmamawa, Malam wannan maganar ta yi mini zafi. Ci gaba da yi masa magana irin ta mata da miji yana cikin mutunta shi. Ki nemi shawararsa kan kuɗin makaranta da auren 'yar ƙanwarki kamar da, ki bar shi ya yanke hukunci.

Ranar da ya iya zuwa banɗaki ya dawo, ya ɗebi ruwa a randa da kansa, ki shirya ki tafi gidanku ki gaida Inna. Ki gaya masa ƙarfe nawa za ki dawo, ki sa wayarsa a aljihunsa, ki sanar da maƙwabciya, ki yi awa biyu a can. In kin dawo ki rubuto mini yadda aka yi. Allah ya ba shi lafiya da ƙarfin zuciya, ya raya muku zuri'a.